Ranar da Gashin Garinmu Ya Tafi Teku

Da a ce da baki ake aski, da Tammo Bultema ya aske duk arewacin Holan kafin rana ta faɗi. Ya yi 'yan watanni a Rotterdam yana sayar da katifu, ya dawo mana Aldersum yana cewa rabin birnin a kan katifarsa suke kwana, sauran rabin kuma ba sa samun barci. Dalilin da ya sa aka sallame shi daga kantin bai taɓa shiga cikin labarin ba. Abu ɗaya dai ko maƙiyinsa ba ya musu a kai, Allah ya ba shi suma. Cikakkiya ce mai sheƙi, in ya tsaya gaban gilashin kanti yana shafa ta sai ka ɗauka da wani babban mutum yake gaisawa.

Matarsa Hilke 'yar Baba Onno mai aski ce, a shagon surukin nasa kuma yake riƙe tsintsiya, ko da yake a waje cewa yake shi ne manaja. Shagon ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ta masu aski ce, kowa na shiga. Ta baya tana cikin lungun masu kifi, ba a amfani da ita sai ranar Litinin da shago ke rufe. A ɗakin bayan nan ne Baba Onno yake haɗa wa masu sanƙo hular gashi, ya manna musu, su fito da suma kamar da ita aka haife su. Kowane ɗayansu yana da ɗan ƙaramin makullinsa na ƙofar, don kada ya tsaya a lungu yana ƙwanƙwasawa. Duk garin mun san masu makullan nan. Babu wanda ya taɓa faɗa, babu kuma wanda ya taɓa ɗaga ido sama da girar mutum in ana magana da shi.

Wata Asabar bayan an tashi, Baba Onno ya zuba kofi, ya miƙa wa Tammo biskit ɗaya, ya rufe gwangwanin.

"Hannuna ya fara rawa, Tammo. Jiya saura ƙiris in rage wa Wobbe kunne."

"Ai dama ya yi masa yawa, Baba."

"Bayan bikin jatan lande zan ajiye almakashi. Ɗan ƙanena Sikko yana son wurin nan ya riƙa soya dankali. Ni kuwa na fi son ya zauna shagon aski. In ka kawo mini sabon mutum ɗaya ta ƙofar baya kafin biki ya wuce, shago naka ne."

Tammo ya ajiye kofi da ƙarfi har ya fantsama.

"Ɗaya? Haba Baba, ka raina ni! Layi zan kawo maka, daga lungu har kan ganuwar teku. Ciwon shagon nan guda ne, babu shaida. A Rotterdam ko allura mutum zai saya sai ya karanta abin da waɗanda suka riga shi saya suka ce. Kwastoma ya yabe ka, ka rubuta, ka manna, wani ya gani ya rugo. Ni da shaida na sayar wa mai gadi katifa, mutumin da aka ɗauka aiki don kada ya yi barci."

Hilke ta ce, "Maigida, a garin nan wa ka taɓa ji ya yabi wani abu?"

"Ba su samu mai tambayarsu ba ne. Ki zuba ido."

Da Wobbe mai tumaki aka fara, don shi ne ya fara zuwa ranar Talata a ƙarasa masa askin da aka bari. Yana sauka daga kujera Tammo ya kai masa waya bakin hanci.

"Kawu Wobbe, gaya wa duniya yadda ka ji askin nan."

Wobbe ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce, "Ba laifi."

"Ƙara dai."

"Na taɓa ganin wanda ya fi shi muni."

"Daga zuciya, Kawu, daga zuciya!"

Wobbe ya shafa dama, ya shafa hagu. "Kunnuwana biyu suna nan."

Baba Onno ya juya baya yana goge reza don kada a ga daɗin da ya ji, domin tun da ya buɗe shago ba a taɓa zuba masa yabo irin wannan ba. Tammo kuwa ya yi tsaki, ya ce da irin wannan magana ko ruwa ba za ka sayar wa mai ƙishi ba, sai an gyara. Washegari aka tashi da hoton Wobbe a tagar shago, baki a ɗan buɗe, an zagaye shi da taurari, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: ASKIN NAN YA CANJA RAYUWATA! NA ZAMA SABON MUTUM!

Kafin tsakar rana Wobbe ya rasa inda zai sa kansa. Mai raba wasiƙu ya tsayar da keke ya yi masa barka da sabuwar rayuwa. Mai burodi ya tambaye shi ko sabon mutumin ma burodi baƙi yake ci, irin na marigayi tsohon Wobben. Da ya koma gida matarsa ta tare ƙofa, ta ce ya gaya mata abin da ya rasa a tsohuwar rayuwar, ita ce ko tumakin. Wobbe ya hau tarakta ya zo ya toshe ƙofar shagon, ya yage hoton, ya ce daga yau matarsa za ta riƙa yi masa aski da almakashin tumaki.

Tammo ya bi taraktar da kallo, baki har kunne.

"Kin gani? Duk gari maganar shagonmu ake."

"Mun rasa kwastoman da ya girme ni a shagon, Tammo."

"Wannan na ƙofar gaba ne. Ni manyan kifaye nake nema."

Babban kifin farko ya same shi a gidan burodi, ana layi. Fasto Menno ne, mutum mai natsuwa, mai furfura lallausa da ta kwanta gefe guda, wadda ba ta ƙara tsawo ba tun da aka naɗa shi. Tammo ya ratsa layi ya dafa masa kafaɗa.

"Ranka ya daɗe! Shekara nawa ke nan da Baba ya haɗa maka wannan na kanka? Kalma biyu kawai nake so, yadda yake kama kai, ko yana ƙaiƙayi."

Gidan burodi ya yi tsit. Kowa ya samu wani burodi ya ƙura masa ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Fasto ya ce a hankali, "Wane na kaina, ɗana?"

"Gashin mana! Ai aiki ne mai kyau, ko ni da nake cikin sana'a sai na matso nake ganin bakin ɗinkin."

Inna Geeske mai sayar da cuku tana bayansa. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma buƙata.

"Tammo, igiyar takalminka ta kwance."

Ya duba. "Takalmin ba shi da igiya, Inna."

"To sunkuya ka nemo masa."

Kafin ya ɗago, Fasto ya fice ba burodi. Tammo ya gaya wa Hilke cewa mutumin yana da sha'awa sosai, kunya ce kawai irin ta malamai, kuma abin da ya rage shi ne hoto: mutum yana shiga, mutum yana fita. Ya ce daga yanzu duk Litinin zai riƙa zuwa birnin Groningen binciken kasuwa.

Groningen ɗin ba ta wuce bayan akwatunan kifi a lungu ba. Nan yake tsugunawa da wayarsa, ƙudaje suna yi masa hidima. Abin da bai lissafa ba shi ne sumarsa, wadda take leƙowa saman akwatunan tana sheƙi, ana hango ta tun daga bakin titi. Masu makulli sukan zo bakin lungu, hula a danne, su hangi sumar, su tuna da wani aiki a gida. Harm, mijin Inna Geeske, mai busa babban ƙaho kuma shugaban 'yan badujalar gari, shi ne kaɗai ya yi kuskuren shigowa har tsakiya kafin ya lura. Tammo ya miƙe da waya a hannu, ɓawon kifi a gwiwa.

"Kawu Harm! Ɗakin baya za ka?"

"Wane ɗaki? Kyanwata nake nema."

"Ai ba ka da kyanwa."

"Shi ya sa nake nema."

Haka Litinin ta bi Litinin, Baba Onno yana zaune a ɗakin da ba taga, kwalbar manne a gabansa, yana mamakin ko annoba ce ta kama masu sanƙon gari. Har Litinin ta ƙarshe kafin biki ta zo, wadda kowace shekara a cikinta yake sabunta wa kowa manne saboda iskar kan ganuwa. Ita ma ba wanda ya zo. Da yamma mai kifi ya watsa ruwan wanke tebur bayan akwatuna, sai akwatunan suka yi ihu da muryar Tammo. Nan Baba Onno ya gane irin annobar.

"Kai ne ka kore mini mutane?"

"Ban kore su ba, Baba, nazarinsu nake."

"Ranar Asabar za su hau ganuwa da mannen bara!"

"Su sa hula mana."

Tsoho ya buɗe baki, ya rufe, ya shige ciki. A garinmu wannan ya fi zagi.

Da wani mutum ne, da ya saduda. Tammo kuwa ya kwana biyu yana tunani, ranar Juma'a Hilke ta shiga banɗaki ta tarar da sumar nan kwance a ƙasa, mijinta a tsaye da kai fari fat yana ƙyalli. Ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Me ka yi?"

"Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta mai shago. Tun da matsorata sun ƙi magana, ni zan zama kwastoma. Gobe zan hau dandali in nuna musu kafin da bayan."

"Gashin nan shi kaɗai ne abin da Babana ya ce ya gani a jikinka ranar da ka zo neman aure!"

"Zai fito cikin wata guda. Irin namu ba ya jin reza."

Ya ɗauko wata hular gashi ja daga kantar shago, wadda aka yi wa wani matuƙin jirgi da ya rasu bai karɓa ba. Mannen Baba Onno kuwa ya ce kunu ne, ba zai kai shi gaban jama'a ba. Ya tafi wurin mai gyaran jiragen ruwa ya sayo gwangwani guda. Mutumin ya ce masa wannan ƙasan jirgi ake liƙewa da shi, in ya kama sai dai a yi amfani da kurfi.

Tammo ya ce, "Madalla. Kaina ai ya fi jirgi daraja."

Ranar biki gari ya hau ganuwa kaf. Rumfuna a jere, ga ƙamshin jatan lande, ga cukun Inna Geeske, ga tumakin Wobbe suna kiwo a gangare. Ka'idar bikin ba ta canjawa: da hantsi ake rera waƙar gari, maza su cire hula, a yi sauri a gama kafin ruwan teku ya fara cikowa, domin tare da iska yake zuwa. Masu makulli sun zo da huluna a danne har gira, kowa yana addu'ar a gama da wuri. Amma Tammo ne ya ba da aron lasifika, don haka kwamiti ya yarda ya faɗi kalma biyu kafin waƙa.

Ya hau dandali da jan gashi a kai, ya ɗan karkace wajen kunnen hagu, don mannen ya kama tun bai gama daidaitawa ba. Jama'a suka dube shi, suka mayar da ido kan girarsa. Ko shi ma an ba shi hakkinsa.

Kalma biyun suka fara daga Rotterdam. Ya bi ta kan mai gadi da katifarsa, ya zagaya ta tarihin gashi tun daga zamanin sarakuna. Tutoci suka fara kaɗawa. Harm yana rungume da ƙahonsa yana kallon teku, gumi yana bin wuyansa. Sai Tammo ya gyara tsayuwa.

"Yanzu ga abin da kwastomominmu suke cewa. Kada kowa ya damu, ni ƙwararre ne, na ɓoye sunaye. Kuma wannan karon ban gyara komai ba, da kunnena na ji ta ƙofar ɗakin baya ina shara."

Baba Onno ya zauna a kan akwatin lemo, ya rufe fuska da hannu.

"Wani fasto a garin nan ya ce, 'Ina sunkuyawa addu'a da shi, bai taɓa zamewa ba.'"

Fasto ɗaya gare mu. Yana tsaye a sahun gaba, ya shiga karanta bayan kwalbar ruwa.

"Wani likitan dabbobi ya ce, 'Saniya ta taɓa lasarsa, ta ɗauka na gaske ne.'"

Likitan dabbobi ma ɗaya gare mu, kuma saniyar ta Wobbe ce.

"Sannan mijin wata mai sayar da cuku ya ce, 'Onno, ka iya aiki. Ko matata ba ta sani ba.'"

Harm bai jira na huɗu ba. Ya ɗaga hannu, 'yan badujala suka saki waƙar gari da duk ƙarfinsu don su binne muryar Tammo. Waƙar gari kuwa ba a jin ta da hula a kai, ko da sama za ta faɗo. Hannuwa suka tashi da kansu, huluna suka sauka. A daidai nan iska ta iso.

Na Fasto ne ya fara tashi, ya ɗaga gaba kamar murfin tukunya, ya ɗan yi jim, sannan ya kama hanya. Na likita ya bi shi. Daga nan sai abin ya zama gayya: na magajin gari, na mai kantin magani, na malamin makaranta mai ritaya, har da na wani da duk garin muka rantse nasa na gaske ne. Furfura da baƙi da ruwan ƙasa suka yi sama a jere, suka haye ganuwa suka nufi teku. Wani tsuntsun teku ya cafke na Fasto ya wuce da shi. Ɗaya ya sauka a kan wata tunkiya a gangare, ya zauna daidai tsakanin kunnuwanta, ita kuwa ta ci gaba da kiwo.

Ba wanda ya daina waƙa. Baiti uku gare ta, kuma sai da aka rera su duka, kawuna suna ƙyalli a rana, idon kowa a kan teku. Harm ya busa ƙahonsa har ƙarshe, hawaye na zuba, ƙeya a waje. Ni a ganina garinmu bai taɓa rera waƙar nan da kyau kamar ranar ba.

Waƙa ta ƙare. Mai burodi ya gyara murya ya ce, "Yau akwai 'yar iska."

"Akwai kam," in ji mutane da yawa, cikin godiya.

Da an bar shi a nan, da gari ya haɗiye abin, ya mayar da huluna, ya ci jatan lande. Amma Wobbe ya hangi tunkiyarsa, ya nuna ta da sanda.

"Ga wadda rayuwarta ta canja."

Wani ya yi tari, wani ya shaƙe, sai dariyar da aka riƙe tun zamanin iyayenmu ta ɓalle gaba ɗaya. Mata suna riƙe ciki, yara suka gangara suna tsintar gashi a cikin ciyawa suna tambayar na wane ne.

Inna Geeske ba ta yi dariya ba. Na Harm ya faɗa ne a rumfarta, a kan wani babban cuku. Ta ɗauka, ta karkaɗe, ta ratsa taro, ta ɗora wa mijinta a kai, ta gyara masa tsaga da yatsa yadda yake so. Sannan ta juyo wajen dandali.

"Tammo Bultema, tun ranar da ya fara sa shi na sani. Ni nake taje masa shi in yana wanka, in mayar inda ya ɓoye. Shekara da shekaru ina riƙe da bakina don in bar wa bawan Allah ɗan abin da yake jin daɗi da shi, kai kuma ka zo mini da lasifika."

Harm ya dube ta. "Kin sani?"

"Rufe baki, ƙuda zai shiga. Riƙe kanka, iska ba ta gama ba."

Dariya ta mutu, kunya ta kama kowa. Kowa ban da Tammo, wanda ya ga dama ta samu.

"Jama'a, ku dubi nawa! Ko motsi bai yi ba! Wannan sabon manne ne, fasahata ce. Duk mai shakka ya hau ya ja da hannunsa!"

"Ni ina da shakka," in ji Wobbe.

Ya hau dandali yana naɗe hannun riga. Mutum ne da yake ɗaga rago da hannu ɗaya. Ya damƙi jan gashin ya ja, Tammo ya biyo. Ya ja hagu, Tammo ya yi hagu. Ya ɗaga sama, sai ga ƙafafun Tammo suna lilo, har yanzu abin magana yana hannunsa, duk ganuwa tana ji.

"Kun gani? Wayyo! Inganci ke nan! Kawu, a hankali! Shaida ce wannan! Wayyo kaina!"

Wobbe ya dire shi, ya goge hannu a wando, ya sunkuya kan abin maganar.

"Ba laifi," ya ce, ya sauka.

Gashin bai fita a ranar ba, bai fita washegari ba. Kan ya kumbura, ya yi zafi, sai da Hilke ta kai shi asibiti a Groningen, wannan karon ta gaske. Likitoci suka taru a kansa, suka kira na wasu sassa su zo su gani. Sun raba shi da jan gashin, amma babbansu ya ce gefe da gefe zai fito, tsakiya kuwa sai dai haƙuri. A mota Tammo ya ce wa Hilke likitan bai san irin jininsu ba. Ya jira wata guda, ya jira biyu, tsakiyar nan tana nan sumul.

Kafin nan Sikko ya riga ya kafa tukunyar mai a inda kujerar aski take. Ɗakin baya kaɗai Baba Onno ya riƙe, don masu makulli sun dawo ɗaya bayan ɗaya neman sabo, kowa da sharaɗin kada surukin ya kusanci lungun. Gari kuma ya koma yadda yake. Fasto ya hau mumbari da sabuwar furfura, ba wanda ya ga komai.

Wata Litinin da hantsi, ana yayyafi, wani mutum ya shigo lungun masu kifi da hula a danne har gira. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali. Ya daɗe a tsaye kafin a buɗe, kuma tsayuwar nan ta fi masa asibiti ciwo.

Baba Onno ya buɗe, ya dube shi, ya matsa gefe. Tammo ya zauna, ya cire hula. Tsoho ya auna kan da zare. Can Tammo ya ɗan farfaɗo.

"Baba, in ka duba da kyau, ai na cika alkawari. Sabon mutum ɗaya ta ƙofar baya. Ga ni."

"Cewa na yi kafin biki ya wuce."

"Amma dai..."

"Daina motsi."

Ta bango ana jin dankali yana soyuwa. Baba Onno ya buɗe wani kwali, ya fito da hular gashi cikakkiya mai sheƙi. Tammo ya gane ta tun kafin ta taɓa kansa, don tasa ce. Hilke ce ta share sumar daga banɗaki ranar nan, ta adana, uban ya ɗinka da hannunsa mai rawa. Ya manna masa da mannen da aka kira kunu, ya taje, ya juya shi wajen madubi.

"To, gaya wa duniya yadda ka ji."

Tammo ya dubi tsohon kansa a madubi. Ya buɗe baki, manyan kalmomin Rotterdam suka taso har maƙogwaro suka tsaya. Idonsa ya cika.

"Ba laifi," ya ce. "Baba, kada ka gaya wa kowa."

Baba Onno ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ɗan ƙaramin makulli, ya sa masa a tafin hannu.

Da ya fito bakin lungu sai ya yi kiciɓis da Inna Geeske tana tura keken cukunta. Ya tsaya cak, hula a hannu, suma a kai, yana jiran abin da ya san ya cancanta. Ta dube shi daidai gira, ba ta ƙara ko ɗan yatsa sama ba.

"Yau ba iska, Tammo," ta ce, ta wuce.